Divko ya dawo gida da Marsandi da baƙar mage: fashin baƙi kan fim ɗin Cirkus Columbia

Sau biyu na kalli fim ɗin nan. Na farkon dariya na dinga yi, don gaskiya akwai abun dariya, gari guda an bazama neman mage ɗaya kamar an ce zinare ce. Na biyun kuma dariyar ta ƙi zuwa, alhali fim ɗin dai shi ne, babu abun da aka ƙara ko aka rage. Abun da ya canza shi ne a tsakani na je na bi kadin shekarar da labarin ke gudana, wato 1991, da abun da ya biyo bayanta, sai na gane ashe duk wanda ya kalli fim ɗin a Bosniya tun minti na farko ya san inda mutanen nan suka dosa, su ne kawai da ke cikin labarin ba su sani ba. To shi ne na ce bari na warware shi daki-daki ga wanda zai kalla bai san ƙasar ba. Kuma ina faɗa tun yanzu, zan taɓa ƙarshen labarin, wanda ba ya son a ɓata masa kallo ya tsaya nan.

Sunan fim ɗin Cirkus Columbia, ya fito a 2010, Danis Tanović ne ya ba da umarni. Shi ne mutumin da ya ciyo wa Bosniya kyautar Oscar a 2002 da fim ɗinsa na farko, kuma lokacin da aka yi wa Sarayebo, babban birnin Bosniya, ƙawanya yana cikin garin da kyamara a kafaɗa yana ɗaukar wa sojojin Bosniya hotuna, kafin ya fita a 1994 ya ƙarasa karatun fim a Beljiyam. Labarin daga littafin wani ɗan jarida aka ɗauko shi, Ivica Đikić, wanda aka haifa a 1977 a wani ƙaramin gari na yankin da labarin ya faru.

Ga yanda abun yake. Wani mutum ne, Divko Buntić, ya yi shekara 20 a Jamus bai leƙo gida ba. Rana ɗaya sai ga shi ya shigo ƙaramin garinsu na yankin Hazagobina, kudancin Bosniya, cikin Marsandi, aljihu cike da kuɗin Jamus, gefensa wata yarinya Azra wadda a haife ya haife ta kuma ita yake shirin aura, a hannunsa kuma baƙar magensa Bonny wadda ya yi imani ita ce sa'arsa. Ya bar mata a garin, Lucija, da ɗa, Martin, wanda ya girma bai san uban ba. Abun farko da Divko ya yi da ya sauka, kafin ya huta ma, shi ne ya sa aka fitar da matar da ɗan daga gidan da suka zauna duk tsawon shekarun nan, wai gidan gadonsa ne. Sabon magajin garin nasa ne, 'yan sanda kuma na magajin gari ne, shi kenan magana ta ƙare. Aka mayar da uwa da ɗa wani kangon ɗaki na hukuma, shi kuma ya tare da amaryarsa da magensa.

Wanda ya kalla sama-sama zai ce ai wannan rikicin miji da mata ne kawai, irin wanda ko'ina ana yi. Amma tambayar da ya kamata mutum ya fara yi ita ce, me ya hana shi dawowa shekara 20, kuma me ya ba shi damar dawowa yanzu har da ikon korar mutane? Amsar tana cikin tarihin Yugoslabiya.

Yugoslabiya a lokacin tarayya ce ta jamhuriya shida: Sabiya, Kuroshiya, Sulobeniya, Bosniya da Hazagobina, Masedoniya da Montenegiro. Josip Broz Tito ne ya riƙe ta tun bayan yaƙin duniya na biyu har ya mutu ranar 4 ga Mayu 1980. Kwaminisanci suke yi amma ba irin na Rasha ba, don Tito ya ɓata da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, tun 1948, kuma babban bambancin da talaka ya gani a ƙasa shi ne fasfo, ɗan Yugoslabiya yana iya fita waje neman kuɗi, abun da ɗan Jamus ta Gabas ko ɗan Romaniya sai dai ya yi mafarkinsa. A 1968 gwamnati ta sa hannu da Jamus ta Yamma kan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata, mutane suka yi ta kwarara, zuwa 1973 da Jamus ta rufe ƙofar ɗaukar sababbi akwai ma'aikata 'yan Yugoslabiya wajen rabin miliyan a can. Jamusawa suna ce musu Gastarbeiter, wato baƙin ma'aikata, mu dai 'yan ci-rani za mu ce, sai dai ci-ranin nasu ba na rani ɗaya ba ne, mutum zai tafi da niyyar shekara biyu ya tara kuɗin gini da na tarakta, sai ya farka ya ga furfura. Yammacin Hazagobina na cikin wuraren da suka fi kowa fitar da 'yan ci-rani. Ƙasa ce ta duwatsu, noman taba da inabi da kiwo, ba masana'antu na a zo a gani, kuma gwamnatin kwaminis tana yi wa yankin kallon gidan 'yan Ustasha, wato masu tsattsauran kishin Kuroshiya da suka haɗa kai da Hitler a yaƙin duniya suka yi wa Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma kisan gilla. Tabon nan ya bi yankin shekara da shekaru, har jikokin da ba su san hawa ba balle sauka.

Saboda haka 'yan ci-ranin kala biyu ne. Akwai wanda ke zuwa hutu duk bazara da tsaraba, akwai kuma wanda tsakaninsa da hukuma akwai 'yar tsama, in ya shigo ba lalle ya fita ba. Divko irin na biyun ne. Yana can yana tara kuɗi yana tara haushi, kuma babban haushinsa Lucija ce da ba ta bi shi Jamus ba.

Sai ƙasa ta juya. A Janairun 1990 taron jam'iyyar kwaminis ta tarayya ya watse bayan wakilan Sulobeniya sun fice, a watan Nuwamban shekarar aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa na farko a Bosniya, kuma jam'iyyun ƙabila uku suka lashe kusan komai: SDA ta Musulmi ƙarƙashin Alija Izetbegović, SDS ta Sabiyawa ƙarƙashin Radovan Karadžić, da HDZ ta Kuroshiyawa. In ka duba sakamakon zaɓen ka duba ƙidayar jama'a ta 1991, Musulmi wajen kashi 44, Sabiyawa 31, Kuroshiyawa 17, za ka ga kamar takarda ɗaya ce aka buga sau biyu, kowa nasa ya zaɓa. A garuruwan da Kuroshiyawa suka fi yawa, mutanen da jiya ake musu kallon maƙiyan ƙasa su ne suka wayi gari a kujerar magajin gari, waɗanda suka yi mulki shekara 45 kuma suka koma 'yan kallo. Garin da aka haifi marubucin littafin ma sunansa aka canza a lokacin, daga Duvno aka mayar da shi Tomislavgrad, sunan wani tsohon sarkin Kuroshiya. Wannan ita ce ƙofar da Divko ya shigo ta cikinta. A fim ɗin za ka ga tsohon magajin gari, Leon, ɗan kwaminis, wanda da shi ne inuwar Lucija, yanzu ko kansa ba ya iya karewa. Gidan bai matsa ko taku ɗaya ba, takardun ma ba lalle sun canza ba, mai sa hannu ne ya canza.

Kuma kar a ɗauka Divko shi kaɗai ne. A zahiri ma an yi irinsa manya. Gojko Šušak ɗan Široki Brijeg ne a yammacin Hazagobina, ya yi kusan shekara 20 a Kanada yana kasuwanci, ya dawo ya zama ministan tsaron Kuroshiya a 1991. Kuɗin mazauna waje sun taka rawa sosai wajen kafa HDZ da kuma sayen makamai daga baya. Mutumin da ya daɗe a waje wani lokaci ya fi na gida zafin kishi, don shi garin da ke kansa na ranar da ya tafi ne, rigimar da ya bari tana nan ɗanya a ransa kamar jiya aka yi, su kuma na gida sun yi aure tsakaninsu, sun ci bashin juna, sun je jana'izar juna, abun ya daɗe da hucewa ko aƙalla sun koyi zama da shi.

Sai maganar kuɗi, don in ba ka gane ƙarfin mak ɗin Jamus a lokacin ba, ba za ka gane dalilin da gari guda ke rusuna wa Divko ba. A 1989 hauhawar farashi a Yugoslabiya ta wuce kashi dubu, dinarinsu ya zama takarda, albashi in ka karɓa da safe gara ka canza shi kafin yamma. Firaminista Ante Marković ya fito da sabon dinari a farkon 1990 ya ɗaure shi da mak, dinari 7 mak ɗaya, abun ya yi aiki na ɗan lokaci sannan ya sake kwancewa. Mutane da mak suke lissafin gida da mota da sadaki, a ƙarƙashin katifa suke ɓoye shi. Har yau ma kuɗin Bosniya sunansa mak, an fito da shi a 1998 daidai da na Jamus ɗaya bisa ɗaya, Jamus ta bar nata ta koma yuro amma Bosniya na nan da sunan. To mutum ya shigo ƙaramin gari da damin wannan kuɗi, ai ko bai yi magana ba an ji shi.

Nan ne batun mage ya shigo. Bonny ta ɓata, Divko ya rikice fiye da yanda ya taɓa rikicewa a kan mace ko ɗa, ya sa ladan mak mai tsoka ga duk wanda ya gano ta. Gari ya ɗauka. Manya da yara ana leƙa lungu da bayan gida ana kiran sunan mage da dare. Mu nan da baƙar mage ta gifta sai a hau a'uziyya, shi kuma ita ce ƙashin arzikinsa, kowa da camfinsa. A kallon farko wannan wajen ne na fi dariya. A na biyu sai na lura da abun da ke faruwa a gefen hoton lokacin da ake wannan neman, labarai a talabijin da rediyo, samari suna taruwa, bindigogi suna sauya hannu, bariki ya fara zama wani abu da ake kallo da gefen ido. Sulobeniya da Kuroshiya sun ayyana ɓallewa ranar 25 ga Yuni 1991. Daga Agusta zuwa Nuwamba ana ruwan bama-bamai a Vukovar da ke Kuroshiya har garin ya zama kufai. Daga Oktoba aka fara harbin Dubrovnik, shi ma a Kuroshiya, wanda daga Hazagobina tafiyar 'yan awoyi ce a mota. A watan Oktoban nan dai sojojin tarayya suka rusa ƙauyen Ravno, a cikin Hazagobinar kanta. Gemun maƙwabci ya kama da wuta, su kuma maimakon shafa wa nasu ruwa suna neman mage.

Amma ni ban ga wautarsu ba, kuma ina ganin Tanović ma ba wauta yake nunawa ba. Mutum ba ya iya rayuwa kullum cikin jiran masifa, dole ya samu ƙaramin abun da zai sa a gaba. Shugaban Bosniya ma, Izetbegović, a watan Oktoban 1991 ya fito talabijin ya ce wa jama'a yaƙin Kuroshiya ba nasu ba ne, kuma a cikin watan ne Karadžić ya tsaya a majalisa ya yi gargaɗin cewa in Bosniya ta bi hanyar ɓallewa Musulminta na iya shafewa. Duk an ji, an kuma tashi da safe an tafi aiki. Mutanen Sarayebo da yawa sun sha faɗa daga baya cewa har aka fara harbi suna cewa ai nan ba za a yi ba, mu da muke cuɗe da juna.

Wani abu da mai kallo daga waje zai iya rasawa shi ne sunaye. Mutanen nan duk yare ɗaya suke yi, kamanninsu ɗaya, abincinsu ɗaya, in ka ga su a layin burodi ba ka bambance su. Addini ne ya raba, Kuroshiyawa Katolika, Sabiyawa 'yan Otodoks, sai Musulmi waɗanda a 1993 suka ɗauki sunan Bosniyak a hukumance. To da yake fuska ba ta nunawa, suna ne ke tona mutum. Divko, Lucija, Martin, kana ji ka san Katolika ne. Azra sunan Musulma ne. Savo, kyaftin ɗin sojan tarayya da ke barikin garin, wanda ya daɗe yana kula da Lucija da ɗanta, sunan Basabiye ne. Fim ɗin ba ya tsayawa ya yi maka bayani, ɗan ƙasar yana jin sunan ya san lissafin, ya san cewa nan da 'yan watanni sunan nan kaɗai zai iya sa a sauke mutum daga bas a shingen hanya. Ka duba kuma yanda abun ya cakuɗe a gida ɗaya, ɗan kishin Kuroshiya ya dawo da budurwa mai sunan Musulmi, matarsa Bakatolika kuma wanda ya tsaya mata Basabiye ne. Wannan shi ne ainihin yanda ƙasar take kafin a zo da biro da taswira a ce kowa ya koma ɓangarensa.

Savo shi ne mutumin da ya fi ba ni tausayi. Sojan tarayya, JNA, an gina shi ne kan taken 'yan'uwantaka da haɗin kai, duk saurayi sai ya yi masa hidima ko daga wace jamhuriya ya fito. A 1991 sojan ya rikiɗe a hankali ya koma na ɓangaren Belgired, babban birnin Sabiya, hafsoshin sauran ƙabilu suna ficewa, samari suna gudun kiran aiki. Irin su Savo da suka yi imani da tsohuwar ƙasar sai suka rasa tudun dafawa, 'yan gari suna musu kallon 'yan mamaya, manyansu kuma suna shirin abun da su ba su yarda da shi ba. Shi ya san me ke tafe don yana ganin umarnin da ke zuwa, shi ya sa hankalinsa duk yana kan yanda zai fitar da Lucija da Martin.

Martin kuma yaro ne mai son na'urar oba-oba irin ta masu sha'awa, ya kafa eriya, yana kwana yana lalubar muryoyin mutanen wasu ƙasashe. Kafin intanet wannan ita ce tagar yaron ƙauye zuwa duniya, kuma a yaƙin da ya biyo baya irin waɗannan masu rediyon ne suka dinga haɗa iyalan da aka raba da fitar da labari daga garuruwan da aka yi wa ƙawanya bayan an yanke wayoyi. Kayan rediyon nasa suna gidan da aka kore su, shi ya sa yake komawa, daga nan ne kuma ya fara sabawa da Azra, neman mage ya ƙara haɗa su, har abun ya wuce inda ya kamata tsakanin ɗa da wadda uba zai aura. Amininsa Pivac kuma yana can yana zamewa cikin 'yan bindigar sa-kai na Kuroshiyawa, yaron da jiya tare suke ninkaya a kogi yau ya sa kaki ya fara magana da wata murya. Wannan sauyin na Pivac bai zo da wata doguwar huɗuba ba, kawai an ba shi bindiga an ba shi matsayi, yaron da ba kowa ba ya zama wani. A zahiri ranar 18 ga Nuwamba 1991 aka ayyana yankin Kuroshiyawa na Herceg-Bosna a garin Grude, nan cikin Hazagobina, ka ga samarin irin Pivac ba daga sama suka faɗo ba.

Yanzu bari na koma kan korar da aka yi wa Lucija, don a ganina nan ne zuciyar fim ɗin take. Mutum ya zo da takarda da 'yan sanda da goyon bayan sabbin masu mulki, ya ce gidan nan na kakannina ne, ku fita. Maƙwabta suna kallo ta taga, wasu na jin ba daɗi amma ba mai cewa uffan, wasu kuma na lissafin me za su samu wajen mai kuɗin. Ka riƙe wannan hoton, ka ninka shi sau dubu ɗaruruwa, shi ne abun da aka yi a Bosniya daga 1992 zuwa 1995. An yi ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewa daga Yugoslabiya ranar 29 ga Fabrairu da 1 ga Maris 1992, a Afrilu aka fara yaƙi gadan-gadan, Sarayebo ta yi kwana 1,425 a ƙawanya, mutum wajen 100,000 suka mutu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, kusan rabin jama'ar ƙasar kenan. A Srebrenica kaɗai cikin Yulin 1995 an kashe Musulmi maza da samari sama da 8,000. A Hazagobina kuma Kuroshiyawa da Musulmi da suka fara yaƙin a sahu ɗaya suka juya wa juna, har aka rusa tsohuwar gadar Mostar ranar 9 ga Nuwamba 1993, gadar da Turkawa suka gina tun 1566. Kuma a ko'ina salon ɗaya ne, a ƙwanƙwasa ƙofa, a ce gidan nan ba naku ba ne yanzu, wani lokaci har a sa mutum ya sa hannu cewa da son ransa ya bayar. Shi ya sa yarjejeniyar Dayton da ta tsayar da yaƙin a ƙarshen 1995 ta ware sashe guda kan haƙƙin kowa ya koma gidansa, aka kafa hukumar karɓar ƙorafin kadarori, a 2004 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka koma sun kai miliyan ɗaya. Sai dai da yawa sun karɓi makullin ne suka sayar da gidan suka koma inda ƙabilarsu ta fi yawa, don bango da rufi an mayar maka amma maƙwabtan da ka sani babu su. Fim ɗin bai nuna ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya nuna mace ɗaya da kayanta a titi, mijinta ne ma ya kore ta ba wani baƙo ba, kuma ƙabilarsu ɗaya cocinsu ɗaya.

Akwai kuma wani abu a bayan kyamara da ya ƙara wa fim ɗin nauyi. Mira Furlan da ta fito a Lucija babbar jaruma ce a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, mijinta Basabiye ne, a 1991 ta ci gaba da zuwa Belgired yin wasan daɓe lokacin da ake yaƙi, sai jaridun gida suka yi mata ca, aka dinga kiran wayarta ana zagi da barazana, aka sallame ta daga gidan wasan ƙasa, kafin shekarar ta ƙare ita da mijin suka tattara suka koma Amurka, a can ta rasu a Janairun 2021. Wato matar da ke wasan wadda aka kora daga gida a 1991, ita kanta an kore ta a 1991. Miki Manojlović da ya fito a Divko kuma daga Belgired yake, su biyun sun taɓa fitowa tare a wani fim na 1985 da ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Cannes na Faransa, lokacin ƙasar tana ɗaya. Ga mutanen yankin ganinsu tare bayan shekara 25 kaɗai ya isa ya tayar da tsohon miki. Kuma Manojlović ya iya, wallahi akwai inda yake zaune shi kaɗai a gidan da ya ƙwato, ga komai ya samu, amma fuskarsa kamar wanda ya sauka a tashar da ba ita ya nufa ba.

Ba wai fim ɗin ba shi da rauni ba. Azra ba a ba ta haƙƙinta ba, an fi amfani da ita a matsayin abun da uba da ɗa za su yi karo a kai, tarihinta kaɗan aka taɓa alhali ita ce za ta fi kowa shiga haɗari in yaƙin ya zo. Soyayyarta da Martin ma tun daga nesa kana hango ta. Sannan saukowar Divko ta yi mini sauri, mutumin da ya yi awa ɗaya da rabi yana cin zarafin mutane, da abun ya taɓa ɗansa sai ga shi ya zama wani daban. Na yarda jini ba ya ƙarya, amma shekara 20 na ƙullaci ba a sauke shi kamar jakar hannu. Wataƙila ma hakan ne ya sa fim ɗin bai yi tashen na farkonsa ba, shi ya buɗe bikin fina-finan Sarayebo na 2010, Bosniya ta tura shi takarar Oscar amma bai shiga jerin ƙarshe ba.

Sunan fim ɗin kuwa daga 'yan wasan yawo ne da ke kafa kayansu a garin, akwai lilo mai juyawa, irin mai kujeru rataye da sarƙa wanda in ya ɗau gudu sai ƙafarka ta bar ƙasa. A ƙarshe masu tafiya sun kama hanya, Martin da Azra sun samu mafita, Divko da ya yi shekara 20 yana mafarkin garin nan ya ƙi sake barinsa. Hoton ƙarshe shi ne shi da Lucija a kan lilon, tsofaffi biyu da suka ɓata ƙuruciyarsu wajen fushi da juna, lilo na juyawa da su, a bayansu kuma bama-baman farko sun fara sauka, hayaƙi na tashi daga cikin gari.